Ba a Mota Baffa Ya Rasu Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Baffa ya riga mu. Ƙanen mahaifina ne uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike mai gareji a bakin hanyar Kurfi, wanda duk Dutsin-Ma ta sani da Baban Gareji.

Ni aka aika in zaga da sanarwa, tunda ɗan kamasho ne ni a tasha, kuma an san bakina ya fi lasifikar masallaci kai wa nesa. To wallahi duk ƙofar da na tsaya na ce Baffa ya cika, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa.

"A motar?"

"A'a. A kan tabarmarshi, bayan ya sha kunu."

"Alhamdu lillahi!"

Sai mutum ya ji abin da ya fito daga bakinshi, ya kama haɓa, ya ce, "Af! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Mai shayin tasha haka ya yi. Mahaucin bakin kasuwa haka ya yi. Har liman, Allah gafarta malam, sai da hamdala ta riga sallallami fita. Maƙwabcin Baffa mai walda, Kirista ɗan kudu da ya daɗe a garin nan har Hausarshi ta fi tawa gishiri, shi ya fi kowa kuka. Ya zauna bisa tsohuwar taya yana share ido da safar walda, yana cewa, "Na gode Allah an same shi gaba ɗaya. Kullum tsorona a ce mu je mu tsinto shi da kwando."

Kada baƙo ya ce ba mu da imani. Baffa na da wata mota da yake ce ma Tsohuwa, kuma duk shekara in an yi kaka sai ya yi tsere da wani direban Kurfi, daga bakin garinmu har bakin nasu. Bana idonshi ya yi hazo, har ya taɓa gaida turmi yana tambayarshi ya yara. Duk da haka ya karɓi tseren bana. Muka zauna muna jiran kaka kamar masu jiran hukuncin alƙali. Sai Allah ya ɗauke shi gero na tsaye a gona, jikinshi cif, aka wanke shi ba inda aka ɗinke. In ba mu yi hamdala ba me za mu yi?

Sai dai hutun namu bai je ko'ina ba. Ana zaman makoki a ƙofar gida, tabarmi cike, ga direban Kurfi nan shi ma ya zo gaisuwa ya rakuɓe a gefe, sai Auta ya miƙe. Auta shi ne namiji tilo cikin 'ya'yan Baffa, sauran duk mata. Direban bas ne, ga mata da goyo.

"Jama'a," in ji shi, "alkawarin da Baba ya ɗauka yana nan. In an yi kaka, ni zan ja Tsohuwa."

Daga cikin gida muka ji kwano ya faɗi yana ta juyi a ƙasa.

Inna, matar Baffa, ta shiga takaba, ba dama ta fito ta kwanta gaban mota kamar yadda na san za ta iya. Sai ta sa aka kira ni, ta yi mani magana ta bayan labule.

"Kai ɗan nema, kana nan?"

"Ina nan, Inna."

"Kai da ke rantsuwa a tasha saura mutum ɗaya alhali mota wayam, yau ga ranar bakinka. Uban ya tsira, ka tsirar mani da ɗan. In ya hau motar nan a yanko likkafani biyu, nashi da nawa."

"Haba Inna, ai Auta direba ne."

"Direban da ya kwantar da bas a gonar gyaɗa rana tsaka, ba kowa a hanya sai jaki? Jakin ma a ɗaure!"

To bari in gaya maku wace ce Tsohuwa, don ku san abin da Inna ke tsoro. In ba ku san Tsohuwa ba, ba ku san Baffa ba.

Ƙaramar mota ce ƙirar Faransa mai fulogi huɗu, sitiyarinta a dama, ta zamanin da ba a canja hannun tuƙi ba. Da aka canja, wani malamin makaranta ya yar da ita ƙarƙashin itacen bedi, kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai. Baffa ya jawo ta da shanu, ya ba kajin notis. Da fari gyara kawai ya yi mata, tana tafiya kamar motar kowa. Sai lokacin da aka fara aikin dam, manyan motoci suka cika gari, Baffa ya ƙyalla ido ya ga wani murɗaɗɗen ƙarfe a jikin injinsu, wanda 'yan boko ke ce ma turbo. Shi dai Katantanwa yake ce mata har ya koma ga Allah.

"Ka ga hayaƙin da mota ke zubarwa ta salansa?" in ji shi. "Asara ce. Wannan abar tare shi take, ya juya mata farfela, ita kuma ta dinga ɗura ma inji iska kamar zugazugin maƙeri. Wuta in ta samu zuga me take yi?"

Na ce, "Ƙona rumfar maƙeri."

Ya jefe ni da tsumma. Amma ai ban yi ƙarya ba. Ranar da ya fara ɗaura ta, fistin ya narke kamar alewa a aljihu. Wani ne da ya haƙura. Baffa ya zauna yana kallon narkakken ƙarfen nan yana murmushi, ya ce, "Laifina ne, na yi mata ɗura ban ba ta abin sha ba." Ya buɗa hancin kafireta da basillar Inna don fetur ya wadata. Ya ninka gaskit biyu a kan inji don a sassauta ma fistin matsi. Ya kawo lagireton babbar mota ya cusa, bonet ya ƙi rufuwa, tun daga nan da igiya ake ɗaure shi. Mai walda ya lanƙwasa mashi bututai kamar hanjin rago. Bututun da ke kai iska cikin inji yana ɗaukar zafi, sai Baffa ya naɗe shi da buhu ya jiƙa, yadda ake ma tulu don ruwa ya yi sanyi. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ke sakin hayaƙi in zuga ta yi yawa, kada inji ya fashe. Da sifirin ɗin sirdin keke ya ɗaure ta, kuma kafin ya dace da mai ƙarfin da yake so, akwai shekarar da rabin unguwarmu a tsaye suke tuƙa keke.

Baƙin mai kuwa, wannan ibada ce. Ba ya bari ya yi baƙi ma balle. Ya zaro sandar auna mai, ya murza man a yatsa, ya shinshina, wani lokaci ya ɗan lasa. In ka ga leɓen Baffa ya yi duhu, lafiyar Tsohuwa ya ɗanɗana. Yakan ce, "In ka yi ma Katantanwa rowar mai, ita za ta zo maka ta'aziyya." Mazurarin Inna, da rariyarta, da ɗankwalayenta na tace fetur, duk a gareji suka ƙare. Tuwon gidan har yau yana ɗan tashi da fetur. Mun saba. In muka ci na wani gida sai mu ji salam.

Tseren nasu ba caca a ciki. Wanda aka wuce shi zai tuɓe hula ya wanke motar ɗan'uwanshi da hannunshi a tsakiyar tasha, mu 'yan kamasho muna tafi muna yi mashi waƙa. Dattawa biyu masu furfura, wannan shi ne duk abin da suke neman kashe kansu a kai.

Sau ɗaya na taɓa shiga Tsohuwa, kuma ya ishe ni har jikokina. Baffa ya ce yana son nauyi a kujerar hagu don gwaji, ko buhun gero ko ni, buhun gero kuma yana da amfani a gida. Muka hau hanya. Ya taka totur, shiru, mota na tafiya kamar mai zuwa biko. Na ce, "Baffa, wannan ce ake ta zuzutawa? Ai kurar ruwa ma ta fi..." Ban rufe baki ba na ji wani siririn fito daga gaba, fiiii, sai na ji kamar ƙato ya tokare mani ƙirji ya manna ni da kujera. Itatuwa suka haɗe suka zama katanga. Hulata ta fice ta taga, an ce can ƙauyen Kuki wani makiyayi ya tsince ta. Na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga bayi.

Halinta ke nan. Ka taka ta yi barci, can sai ta farka gaba ɗaya kamar wadda aka watsa ma ruwa. A miƙaƙƙiyar hanya daɗi ne. Amma akwai wata kwana kafin a shiga Kurfi, da kwalbati a gindinta, ga birji mai santsi. In ta farka maka a tsakiyar kwanar nan, sai dai a tambayi kwaɗin ƙarƙashin kwalbati inda ka faɗa. Na saci kallon Baffa da muka doshi wurin. Ya karkata kai kamar kaza ta ji shaho, kafin fiton ya yi kauri ya sassauta ƙafa, muka zagaye sumul. Da muka tsaya ya ce, "Ba ƙafa ke tuƙa ta ba, ɗana. Kunne ne." Auta kuwa kaset yake ƙurewa in yana tuƙi, ƙafarshi kamar taɓarya. Shi ya sa Baffa bai taɓa ba shi Tsohuwa ba sai dai wanki.

Ɗabi'ar da ta fi jawo ma Baffa surutu ita ce in ya iso wuri ba ya kashe mota. Sai ya zauna ciki inji na juyi a hankali, har Katantanwa ta huce. Ya ce in aka kashe ta da zafinta mai zai tsaya ya ƙone a cikinta. Mutane kuma suka ce girman kai ne, wai jira yake a zo a buɗe mashi ƙofa.

Ranar ɗaurin auren yayata, a gidanmu na Dabawa, shi ne waliyyi. Ya makara, don haka ya taho da irin gudun nan nashi, ya yi birki a ƙofar gida, ya kuma zauna. Babanmu, yayanshi, ya taso daga tabarma ya leƙa ta taga.

"Kai, fito. Mutane na jira."

"Yaya, ɗan bari ta huce."

"Liman na zaune, dangin ango na zaune, goro na bushewa, kai kana nan kana ma ƙarfe fifita?"

"Yanzun nan, Yaya."

Babanmu ya zura hannu ya murɗe makulli. Baffa ya buɗe ƙofa. Ya fito, ya gyara babbar riga, ya ba da aure lafiya lau, aka shafa fatiha. Da aka watse ya tada mota, sai muka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Sai da ya kwashe rani guda yana jinyar Katantanwa.

Daga nan aka shiga gaba. Sun san ƙauracewa haramun ce, don haka in sun haɗu sai su yi ma juna busasshiyar sallama, sauran magana kuma ta bakina. "Gaya ma ubanka." "Gaya ma Baffanka." Ni kuma ina ɗan ƙara gishiri a hanya don aikin ya ɗore, tunda kowane ɓangare da furar da nake sha.

Farkon damina Baffa ya je Dabawa, ina biye. Muka tarar Babanmu ya kwance shanun huɗa ya ɗaure su a inuwa suna haki, ga ruwa can nesa a kwatarniya. Baffa ya sunkuya ya ɗauki ruwan zai kai masu.

"Kai! Aje!" in ji Babanmu. "So kake ka kashe mani shanu? Sai sun huce."

Baffa ya aje. Ya tsaya yana kallon yayanshi. Babanmu ya kalle shi, ya kalli shanu, ya sosa ƙeya.

"To ai su suna da rai."

"Ita ma ka kusa fitar mata da nata."

Suka fashe da dariya, aikina ya mutu, furata ta yanke. Amma ko da aka shirya, Baffa bai sake yarda da makulli ba. Cire shi ya yi, ya ɓoye makunni ƙarƙashin kujera inda hannun yaya ba ya kaiwa.

Shi kuma direban Kurfi, wani dogon Alhaji ne mai ƙatuwar mota fulogi shida, ba Katantanwa. Ba su haɗuwa ba su zagi juna ba. Baffa na ce ma motarshi rumbu mai taya, shi yana ce ma Tsohuwa akurki. Wata shekara, ana gobe tsere, labari ya zo motar Alhaji ta haɗa ruwa da mai, ba za ta fita ba. Mu a tasha har mun fara gwajin waƙa. Baffa ya tattara sufanu a buhu, ya hau motar kasuwa ya tafi Kurfi, ya wuni cikin bonet ɗin abokin faɗanshi. Ya dawo da la'asar baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani.

Na ce, "Baffa, lafiyarka kuwa? Allah ya ba ka nama a baki ka tofar?"

Ya ce, "In na tsere ma gurguwa me na yi?"

Washegari Alhaji ya wuce shi da tsawon mota. Baffa ya tuɓe hula ya ɗauki soso. Muka fara waƙa a sanyaye don kunya, ya ɗago ya ce, "Ku rera da kyau, 'yan banza. Aikin hannuna ne ya wuce ni."

Wannan shi ne mutumin da muka rufe, wannan kuma ita ce motar da Auta ya rantse zai ja. Na fara aikin da Inna ta ba ni. Na ce mashi akwai aljana a motar, warin Baffa kawai ta sani. Ya ce zai sa rigar Baba. Na ce mota gado ce, da haƙƙin 'yan'uwanshi mata a ciki. Ya zaga gidajensu, kowace ta ce ta yafe, don ba wadda ke son a kai mata Tsohuwa ƙofar gidan miji. Babanmu ya kira shi ya yi mashi faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce to, da safe aka gan shi yana goge fulogi. Ranar da na matsa mashi sosai, ya aje tsumma ya dube ni.

"Yaya, kai ma kana cikin masu cewa ɗan Baban Gareji wanki kawai ya iya. Bai taɓa ba ni ita ba, ko daga nan zuwa bakin titi. In ban ja ta yanzu ba, har in mutu mai wanki ne ni."

Na hau mota na tafi Kurfi, na tarar da Alhaji a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa.

"Baba Alhaji, don Allah ka janye."

"In na janye shi kaɗai zai hau hanyar, don ya nuna ya isa. Ka san jininsu."

"To ya za a yi?"

"Yaushe ne sadakar arba'in?"

Na gaya mashi. Ya ce, "Allah ya kai mu," ya ci gaba da ɓare gyaɗarshi, ko tayi bai yi mani ba. Na dawo ina zaginshi a zuci tun daga Kurfi har gida.

Ranar sadakar arba'in an fara yankan gero, tsere ya matso. Aka yi addu'a, aka raba waina. Sai liman ya maimaita kiran da aka saba, cewa duk mai ajiya ko aro a hannun mamaci ya faɗa, kada a bar bawan Allah da nauyin kayan mutane. Mai gyaran keke ya ce yana da sifirin ɗin sirdi. Aka yi dariya. Mai injin niƙa ya ce yana da bel. Auta ya ce, "A ba su, duk a ba su."

Sai Alhajin Kurfi ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Allah gafarta malam, ni ma ina da aro."

"Mene ne, Alhaji?"

"Katantanwar da ke cikin Tsohuwa. Tawa ce."

Wuri ya kaure. Auta ya zabura ya buɗe baki, Babanmu ya yi mashi wani kallo, ya haɗiye kalmar da ya ɗauko ya sauya wata.

"Baba Alhaji, in tsoro kake ji ka faɗa."

"Tsoro kam ina ji, ɗana, amma ba shi ya tashe ni ba. Lokacin aikin dam ina da tifa. Injinta ya buga, ubanka ya zo dubawa, ya ga abin nan ya ce in ara mashi ya gwada. Na ce ɗauka, in ka gama ka maido. Bai gama ba har Allah ya yi ikonshi."

Liman ya ce ko akwai shaida. Mai walda ya ɗaga hannu daga inda yake zaune.

"A gabana Alhaji ya sauke ta daga bayan mota, Malam. Ni na riƙe ta Baba na auna bututu. Da Alhaji ya juya baya, Baba ya ce, wannan wawan ya ara mani sandar da zan dinga dukanshi."

"Haka ya ce?" in ji Alhaji.

"Haka ya ce, Alhaji."

"Allah ya jiƙanshi. Ai kuwa na daku."

Auta ya ce a sayar mashi. Alhaji ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ce to a bar mashi ita zuwa bayan tsere. Alhaji ya ce a tambayi malam. Liman ya gyara zama ya ce, "Mai abu ya nemi abinshi, yaro. Duk daren da ta ƙara a motar nan, a wuyan mahaifinka take kwana. In za ka iya barci a haka, to." Auta ya juya wurin mai walda ya ce in ya samo wata a Kano zai ɗaura mashi? Mai walda ya ce, "Ni bututu kawai na iya. Wanda ya san sauran yana ƙasa."

Auta ya naɗe hannun riga. Sannan ya shiga gareji ya ɗauko sufanar ubanshi, ya ce ba wanda zai taɓa ta sai shi. Muka bi shi duu. Notuna sun sha wuta shekara da shekaru, sun ƙi motsi, yana ta kokawa har ya fasa yatsa. Alhaji ya tattare babbar riga ya tsuguna kusa da shi.

"Ɗiga mata kananzir ka ba ta lokaci. Kada ka nuna mata ƙarfi. Yauwa. Yanzu ɗan koma baya kafin ka yi gaba."

Noti ya saki. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, tsoho na faɗa yaro na yi, Auta na kuka cikin inji yana cewa kananzir ne ya shigar mashi ido. Ya ciro Katantanwa ya goge ta da rigarshi, ya miƙa ma mai ita da hannu biyu. Mai walda ya jona miƙaƙƙen bututu a gurbinta. Aka tada Tsohuwa, ta tashi tana gunaguni kamar motar kowa.

Na raka Alhaji wurin motarshi, ya kwantar da abar a kujerar gaba.

Na ce, "Baba Alhaji, duk shekarun nan ana dukanka da sandarka, me ya hana ka karɓe?"

"In na karɓe da wa zan yi faɗa?"

"To yanzu a taka za ka ɗaura?"

Ya yi dariya, ya jawo fatar idonshi ƙasa da yatsa. "Duba nan. Nawa ma ya fara hazo, ɓoyewa nake. Tseren bana da na karɓa, niyyata in bi shi a baya ne, in ya faɗa a samu mai ɗauko shi. Makafi biyu a hanya ɗaya. Allah dai ya rufa mamu asiri."

Na koma cikin gida na tsaya bakin labule na zayyana ma Inna komai, kuma Allah shaida ranar ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Sai ta ce, "Yanzu in aka taka ta, tafiya kawai take?"

"Tafiya kawai, Inna. Mai keke in ya ci tuwo zai iya wuce ta."

"To wa zai kai ni Dabawa in na fita takaba?"

"Auta mana."

"A cikinta?"

"In kin yarda."

"Ka ce mashi ya fidda buhunan nan da gwangwanaye daga kujerar baya, ya shimfiɗa mani zane. Tun da aka jawo ta gidan nan nake jin ƙararta, ban taɓa sanin yadda cikinta yake ba."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe mashi kurakuranshi da sirdunan kekunan mutane, ya haskaka makwancinshi, ya raya abin da ya bari. Malamai sun ce ranar gobe wasu za su ƙetare siraɗi kamar walƙiya. Allah ka sa Baffa a sahunsu. Can dai ba mai ce mashi ya rage.